Ekuter mai tsada: kunnenka za ka saya wa, ko idon mutane?

 Yau ba maganar farashin hatsi ko ta gyaran hanya muka zo da ita ba. Maganar ɗan abin nan ce da ke maƙale a kunnen kusan kowane matashi, wato ekuter, wanda ƴan uwanmu na Najeriya ke ce wa iyafis. Wani zai ce ina ruwan dandalin labarai da ekuter. Ku ɗan yi haƙuri ku bi mu, za ku ga akwai kuɗi a cikin maganar, akwai kuma lafiya.

Makon jiya, bayan mun sauka daga shirin safe, wani matashi cikin masu saurarenmu ya tare mu a bakin ƙofar gidan rediyo. Ya ce ya yi wata biyar shina tara kuɗi, ya haɗa jikka 120, kuma so yake ya sayi ekuter na manya, irin wanda ake turawa can cikin kunne. Ya ce tun da mu kullum kaske na bisa kanmu, mu faɗa mashi wane ne ya fi kowane. Muka tambaye shi me yake saurare, awa nawa a yini, kuma a wane wuri. Ya ce shi dai mai bas yake so, wanda in ya sa shi sai kai ya girgiza. Da hira ta yi nisa sai ya ce ai kunnensa na hagu ma yakan yi mashi wata ƴar ƙara da dare, amma ba komai ba ne. Nan muka ce to ƙane, riƙe kuɗinka tukuna, mu yi magana.

Ra'ayinmu shi ne wannan: ba laifi ba ne mutum ya sayi ekuter mai tsada in yana da hali. Amma abu biyu kawai suka cancanci a biya masu kuɗi mai yawa. Na farko ya zauna a kunnenka awa da awanni bai dame ka ba. Na biyu ya ba ka damar jin komai sarai ba tare da ka ƙure murya ba. In ekuter bai yi maka waɗannan biyun ba, ko nawa ka saye shi, ado ka saya, kuma kunnenka ne zai biya sauran bashin.

Ba daga littafi muka fara sanin haka ba. Shekarunmu na farko a bakin mikro, da kaske ɗaya tsoho muke aiki mu da yawa, sosonsa ya cinye, ƙarar gurup kuma na shigowa ta ko'ina in wuta ta ɗauke. Don mu ji muryarmu sai mu yi ta ƙara ƙarfi. Muna fita sitidiyo kunne na yi mana shuuu har mu isa gida, muna dariya muna cewa alamar an yi aiki ce. Wani dattijon tekinisiyan da muka tarar a gidan, wanda ya shekara da shekaru a aikin, shi ne ya ja mu gefe. Ya ce ku dube ni, in mutum uku suna magana lokaci guda a wurin biki, ni sai dai in riƙa gyaɗa kai. Muryoyin yana jin su, kalmomin ne ba ya rabewa. Tun ranar muka daina dariya.

Ga abin da ke faruwa. Bayan dodon kunne, can ciki, akwai wani ɗan sashe mai siffar katantanwa. A cikinsa akwai ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi, kimanin 16,000 a kowane kunne lokacin da aka haifi mutum. Su ne ke karɓar girgizar sauti su aika wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai ƙarfi in ta daɗe tana dukansu sai su gaji, daga baya su mutu, kuma a jikin ɗan Adam wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Babu allura, babu ƙwaya, babu saiwa da ke dawo da su. Galibi ɓarnar tana farawa ne a wajen sauti mai kaifi, kusa da girgiza 4,000 a sakan, kuma a yankin sama ɗin nan ne haruffa irin su s da sh da ts da f suke. Shi ya sa mai matsalar yake jin ana magana, amma sara da shara da tsara duk su zame mashi abu guda.

Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce matasa sama da biliyan ɗaya, ƴan shekara 12 zuwa 35, suna cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke saurare. A 2019 ita da hukumar sadarwa ta duniya, UIT, sun fitar da ma'auni: babba zai iya jin sauti mai ƙarfin desibel 80 na tsawon awa 40 a mako, yaro kuma desibel 75. Abin da mutane ba su sani ba shi ne, duk lokacin da ka ƙara desibel 3 kacal, lokacin da aka yarje maka ya ragu da rabi. A desibel 90 awa 4 ne a mako. A desibel 100 bai wuce minti 20 ba, a mako gaba ɗaya fa, ba a yini ba. Salula da ekuter da yawa in an ƙure su suna kaiwa desibel 100 har su wuce. To ku lissafa wanda ke ƙure waƙa daga Maraɗi har Yamai, tafiyar sama da kilomita 600.

Me ke sa mutum ƙure murya? Yawanci ba son ɓarna ba ne. Hayaniyar waje ce ke shigowa: injin mota, gurup, injin niƙa, lasifikar maƙwabci, surutun fada. Sai ka ƙara ƙarfi don abin da kake ji ya danne ta. Anan ne amfanin ekuter mai shiga cikin kunne yake, kuma don haka ma aka ƙirƙire shi. A 1991 kamfanin Etymotic na Amurka ya fito da ER4, mai shiga kunne da zurfi, wanda kamfanin ke cewa yana rage hayaniyar waje da desibel 35 zuwa 42. A 1995 wani mai haɗa sauti, Jerry Harvey, ya ƙera wa mai gangar ƙungiyar mawaƙa ta Van Halen ekuter daidai da ramin kunnensa, don ya riƙa jin abokan kiɗansa duk da ƙarar dandamali. Daga nan kamfanin Ultimate Ears ya samo asali. Wato tun farko kayan aiki ne na mutanen da ke son su ji da kyau a cikin hayaniya, ba kayan gayu ba.

Duk wannan amfani ya rataya ne a kan abu mafi araha a cikin kwalin: ƴar robar nan da ke bakin ekuter. In ta toshe ramin kunne daidai, hayaniya ta ragu, bas ya fito da kansa, kai kuma ka rage murya ba tare da wani ya ce ka rage ba. In ba ta toshe ba, iska na fita, bas ya gudu, sautin ya koma kamar na gwangwani, ko da ekuter ɗin na jikka 500 ne. Mun sha ganin wanda ya ce an cuce shi an sayar mashi da marar kyau, alhali robar ce ba ta yi mashi daidai ba. Kwalin kirki yana zuwa da aƙalla girma uku, ƙarama, matsakaiciya da babba. Ka gwada su duka, kada ka tsaya ga wadda aka saka tun daga kamfani. Kuma kunnuwanka biyu ba lallai ba ne girmansu ɗaya. Mu kanmu matsakaiciya muke sawa a dama, ƙarama a hagu, kuma sai da muka yi shekaru kafin mu gane.

Robar iri biyu ce. Akwai ta siliko, mai santsi, wadda ake wankewa da ruwa da sabulu, tana kuma daɗewa. Akwai ta soso, irin wadda kamfanin Comply ya yi suna da ita: ka murza ta da yatsu ta ƙanƙance, ka tura, ka riƙe kaɗan ta kumbura ta cika ramin. Ta soso ta fi toshe hayaniya kuma ta fi laushi ga mai kunnen da ke saurin ciwo, amma tana shan zufa da dauɗa, ba ta wankuwa sosai, bayan ƴan watanni sai an sauya. A zafin watan Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, ta siliko ta fi mana sauƙi. In za ka saka, kama saman kunnen da ɗayan hannun ka ja shi sama da baya kaɗan, ramin zai miƙe, robar ta zauna. Alamar ta zauna ita ce, tun kafin ka kunna komai za ka ji duniya ta yi shiru-shiru, muryarka kuma ta yi kauri a cikin kanka.

Sai maganar jin daɗin sawa. Wannan ba a gane shi a minti biyu a gaban shago. Ekuter da yawa suna da daɗi a farko, bayan rabin awa sai ka ji kamar an ɗora maka tsakuwa. Ka dubi girman jikinsa da nauyinsa, ka dubi kaurin bakin da ke shiga ramin. Wasu masu tsada jikinsu na ƙarfe ne, suna da kyan gani, amma ga mai ƙaramin kunne azaba ne, musamman mata da yara. Ka yi magana da shi a kunne, ka yi hamma, ka motsa baki kamar kana tauna. In ya zame ko ya soke ka, ba naka ba ne. Masu igiyar da ake zagayawa ta bayan kunne sun fi zama, kuma suna rage ƙarar nan da igiya ke yi in ta goga da riga. Wasu kuma ba su da ɗan ramin shan iska, sai mutum ya ji kunnensa ya cika kamar ya nutse a ruwa. Akwai wanda ba ya damuwa da haka, akwai wanda kansa ke ciwo. Babu wanda zai gaya maka ɓangaren da kake sai kunnenka.

Mu dawo kan sauti, inda aka fi yaudarar mutane. A 2017 wani masanin sauti, Jeroen Breebaart, ya duba ma'aunin kaske da ekuter guda 283, masu araha da masu tsada. Abin da ya tarar shi ne, yadda suke raba sauti tsakanin na ƙasa, na tsakiya da na sama ba ya bin farashi. Wannan ba ya nufin duk ɗaya suke. Mai tsada yakan fi ƙarko, ya fi kyan haɗi, kunnen dama da na hagu su fi daidaito. Amma yana nufin kuɗi kaɗai ba shaida ba ne cewa sautin zai yi maka. A nan, ji ne ya kori gani.

Haka ma yawan injin da ake rubutawa a jikin kwali. Injin ekuter iri biyu ne aka fi sani. Akwai mai kama da ƙaramar lasifika, wanda ya iya bas mai taushi. Akwai kuma wani ɗan mitsitsi da aka daɗe ana sa shi a na'urar taimakon masu ƙarancin ji, wanda ya iya fito da ƙananan abubuwa a cikin murya. Wasu suna haɗa biyun. Shure SE846 inji huɗu gare shi a kowane kunne. Sennheiser IE 900 inji ɗaya tak gare shi, mai faɗin milimita 7, amma da ya fito a 2021 kuɗinsa yuro 1,299 ne. A lissafin sefa kusan 656 kan yuro ɗaya, ya haura jikka 850, wato albashin wata ashirin na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na jikka 42. Can gefe kuma akwai ƴan Sin masu inji takwas a kunne guda da kuɗinsu bai kai kashi ɗaya cikin goma na wancan ba. Kun ga ke nan ƙirga inji ba ya gaya maka komai. Yadda aka daidaita su ne magana.

To yaya za ka gwada? Kada ka yarda da waƙar da mai shago ya kunna maka, shi ya san wadda ke ruɗa kunne. Ka tafi da abin da ka sani kamar yunwar cikinka. Mu da muryar mutum muke farawa: labarai, ko saƙon muryar wani na gida da ka san yadda yake magana. In muryar ta fito kamar mai ita na gabanka, ba ta shaƙe ba, harafin s bai soke maka kunne kamar allura ba, an fara da kyau. Sai ka sa kiɗan gargajiya mai kalangu ko gurmi, ka ji ko kana rabe kowane kayan kiɗa da muryar ƴan amshi. Sai ka sa jita irin ta Bombino ko Mdou Moctar, ka ji ko sautin sama yana da kaifi ba tare da ya gajiyar da kai ba. Daga ƙarshe ka sa mai bas. Bas na kirki yana bugawa ya tsaya. Na banza yana malala ya rufe muryar mawaƙi. Babban gwajin kuma shi ne ka rage murya zuwa ƙasa da rabi. Ekuter mai kyau ko a hankali yana ba ka komai. Wanda sai an ƙure shi yake daɗi, ka ajiye masu abinsu.

Akwai kuma abin da za ka zuba a cikinsa. Yawancin waƙoƙin da ke salularmu an turo su ne daga hannu zuwa hannu, ta Xender, ta WhatsApp, ko wurin masu loda memori, an matse su an sake matsewa har ɗanɗanonsu ya tafi. Ekuter mai kyau ba ya gyara wannan, tona shi ma yake yi. Wanda duk sauraronsa saƙon murya ne da MP3 da aka matse, bambancin da zai ji tsakanin na jikka 30 da na jikka 300 kaɗan ne ƙwarai. Kamar ka sayi akushi mai tsada ne ka zuba ɗumamen da ya yi tsami.

Mai igiya ko marar igiya? Mun san yanzu kowa Bluetooth yake so, kuma salula da yawa sun bar ramin ekuter tun da Apple ya cire shi a iPhone 7 a 2016. Marar igiya yana da daɗin yawo, wasu kuma suna da fasahar kashe hayaniya: ƙananan mikro su ɗauki ƙarar waje, na'urar ta fitar da kishiyarta su kashe juna. Wannan yana aiki sosai a kan gurnani mai ɗorewa irin na injin mota ko gurup, amma bai cika iya surutun mutane ba. Ga matafiyi babban amfani ne. Sai dai ku sani batirin cikinsu ɗan ƙarami ne, zafi na cin sa, kuma galibi ba a iya sauya shi. Bayan shekara biyu ko uku sai ka ga wanda ke yin awa biyar ya koma awa ɗaya, daga nan sai shara. In ɗaya ya faɗi a yashi da dare kuma, an gama. Fasahar LDAC ta Sony da ake tallatawa, wadda ke tura sauti da yawa ta iska, ba kowace salula ke da ita ba, iPhone ma ba ta da ita, don haka kada ka biya kuɗin abin da wayarka ba za ta iya ba.

Ga masu aiki irin namu, ƴan jarida, masu haɗa sauti, masu ɗaukar bidiyo, mai igiya ne amsa. Bluetooth yana jinkirta sauti kaɗan, wani lokaci kusan kashi ɗaya cikin biyar na sakan. In kana magana kana jin muryarka na dawo maka a makare, harshenka zai riƙa sarƙewa. Ka nemi wanda ake cire igiyarsa a sauya, domin igiya ce ke fara mutuwa. Shure SE215, wanda kuɗinsa ke kusa da dolar Amurka 100, irin wannan ne, kuma an daɗe ana aiki da shi a dandamali. Kamfanonin Sin irin su Moondrop, Truthear da 7Hz ma suna da masu igiya na kusan dola 20 zuwa 50 da masana sauti ke yabawa. In salularka ba ta da rami, akwai ɗan mahaɗi na USB-C mai araha. Ekuter mai igiya ba ya jiran a kawo wuta, kuma in ka kula da shi zai ga bayan salula biyu ko uku.

Sai jabu. AirPods Pro na gaske kuɗinsa a Amurka dola 249 ne lokacin da ya fito, wato ya haura jikka 130 tun kafin a sa kuɗin ɗauko shi. In wani ya miƙo maka shi a jikka 8 ya ce orijinal ne, kai ma ka san amsa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda ya fi ciwo shi ne jabun da ake sayarwa a farashin na gaske, da kwali mai kyau da lamba a jiki, don har lambar ma kwafa ake yi. Mu ma an taɓa yi mana: muka ba da saƙo, muka biya kuɗin kirki, wata biyu kunnen dama ya mutu, wanda ya kawo ya ce shi ma haka aka ba shi. Shi ya sa muke cewa gara ka sayi na gaske na ƙaramin kamfani, ko Oraimo da kowa ya sani, da ka sayi jabun babban suna. Muna kuma roƙon ƴan kasuwarmu, waɗanda da yawansu mutanen kirki ne: ku ajiye guda na gwaji da robobi masu tsabta, ku faɗi gaskiyar abin da ke hannunku, ku ba da takardar sayayya da ƴan kwanakin da za a iya dawo da kaya. Wanda zai ajiye jikka 50 a teburinka ya cancanci ya zauna minti goma sha biyar da abin a kunnensa.

Mun san akwai mai cewa, a wannan zamani da buhun hatsi ke gagarar magidanci, maganar ekuter mai tsada ma rashin ta-ido ce. Muna ganin gaskiyarsa, kuma ba mu ce kowa ya saya ba. Wanda ke sa ekuter rabin awa a yini don jin labarai, na jikka 5 mai roba mai kyau ya ishe shi. Amma akwai wanda abin ya zama kayan sana'arsa: tela da ke yini da shi a kunne, ɗalibin da ke bin darasi ta salula, ɗan jarida, mai gyaran bidiyo, matafiyin da ke kwana a hanya. Irin wannan in ya lissafa na jikka biyu-biyu da yake saya duk wata suna mutuwa, zai ga ya daɗe da biyan kuɗin mai kyau guda. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba ta zama dole ba. Tsakiyar nan ita ce wurin yawancinmu.

Akwai waɗanda za mu ce kada su sa sam lokacin aiki: ƴan kabu-kabu, masu adaidaita, direbobi, da mai tafiya a ƙasa bakin titi. Abin da muka yaba a sama, wato toshe hayaniya, shi ne zai hana ka jin hon na babbar mota. Iyaye kuma a duba yara. Yaron da aka miƙa wa salula da ekuter don ya yi shiru ba ya sanin ya yi yawa. Salula da yawa suna da wurin da ake kafa iyakar ƙarfin murya, a nema a kafa. Shawarar OMS ga kowa ita ce kada a wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin na'urar, a kuma riƙa ba kunne hutu.

Kulawa ma tana cikin lissafi. Ƙurar hunturu da dauɗar kunne suna toshe ƴar ragar da ke bakin ekuter, sai ka ji ɗaya ya yi ƙasa ka ɗauka ya lalace. Ka cire robar ka wanke, ka share ragar da ɗan buroshi busasshe, ka riƙa ajiye shi cikin gidansa, ba a aljihu tare da makulli da goro ba. In za ka sayi marar igiya ka dubi alamar IP: lamba ta farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa. IPX4 yana jure zufa da yayyafi, amma X ɗin na nufin ba a gwada shi da ƙura ba. A ƙasarmu wanda ke da lamba a wurin, kamar IP54 ko IP55, ya fi. Kada a riƙa karɓa-karɓa da ekuter a fada, ciwon kunne na bin roba. A kuma bar sosa kunne da tsinken ashana ko gashin kaza, tura dauɗar ciki kawai suke yi.

Shi matashin nan, ga abin da muka ce mashi. Kafin ya sayi komai ya je asibiti ya ga likitan kunne, ORL, a duba ƙarar nan ta hagu, a yi mashi gwajin ji in akwai hali. Ƙara a kunne bayan sauraro gargaɗi ce, ba abin wasa ba. In ya dawo, ya ware abin da bai wuce rabin kuɗinsa ba ya nemi mai igiya da ake sauyawa, ya sayi robobi na ajiya, ya gwada shi da muryar mahaifiyarsa kafin ya gwada da bas, sauran kuɗin kuma ya bar su a aljihu. Ya ɗan ɓata rai, don shi sunan da abokai za su gani yake so. Muka ce mashi abokai za su manta da ekuter ɗinka kafin salla, kai kuwa da kunnuwan nan biyu za ka tsufa.

Allah ya bar mu da jinmu da ganinmu. Sai mun haɗu a shiri na gaba.